Goyon Mudassir

Tun da aka sallamo Khaulat daga asibiti a Kano, gishiri ya bar gidan Malam Gwadabe. Ita kaɗai likita ya hana, amma mahaifiyarta, Inna Saudatu, ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Ta ce tukunya ɗaya za a ɗora, kowa ya ci abin da marar lafiya ta ci. Ta tattara gishiri da kanwa da magi ta rabar wa maƙwabta. Malam Gwadabe, wanda ke wuni a zaure yana yi wa manyan riguna aikin hannu, ya ce shi dama miyar lami ta fi kwanta masa. Duk wanda ya gan shi a bakin gada bayan la'asar, tsugune gaban mai soyayyen kifi yana barbaɗa yaji, ya san iyakar gaskiyar wannan magana.

Haihuwar fari ce ta kawo Khaulat gida wanka. An yi suna lafiya, yaro ya ci suna Mudassir. Ba a kai ga arba'in ba ƙafafunta suka kumbura, kwanciya ta gagare ta sai a jingine, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta dafa bango tana haki. Aka ce jego ne, aka ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi. Ranar da numfashi ya nemi ɗaukewa, mijinta Lukman ya baro injinan ban-ruwan da yake gyarawa a bakin kogi, ya samo mota aka wuce da ita Kano. Can aka ce zuciyarta ce ta buɗe, ta yi rauni. Ta daɗe a kwance, har an fara cire rai. Kafin ta dawo nono ya ƙafe, Mudassir ya saba da madarar gwangwani da bayan ƙanwarta Rahinatu.

Sharuɗɗan likita ba su da yawa. Ta sha magani a kan lokaci, ta bar gishiri da kanwa, ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, kada kuma ta ɗauki abu mai nauyi. Na ƙarshen nan Inna ta kama da hannu bibbiyu. Ba wanda ya ce mata ita ta jawo ciwon, amma ita ta dama kunun, ita ta tafasa ruwan, don haka ta yi wa kanta shari'a ta yanke hukunci ba tare da ta nemi shaida ba. Buta ta zama abu mai nauyi. Kwanon sha in an cika shi ya zama abu mai nauyi. Shi kuwa Mudassir, da madara ta karɓe shi ya yi ɓul-ɓul, a wajen Inna duk gidan babu abin da ya kai shi nauyi. Ko a cinya ba ta yarda a ɗora wa Khaulat shi ba, wai kada ya zabura ya doke ta a ƙirji.

Da wata ce da ta buɗe baki ta nema. To amma Mudassir ɗan fari ne, kuma a gidan nan kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. 'Yan matan yanzu sun fara watsar da wannan, har hoto suke ɗauka da 'ya'yansu su sa a waya, amma ba 'yar Inna Saudatu ba. Ita kanta Khaulat 'yar fari ce. Ana yaye ta aka kai ta Dagumawa wajen kakarta, ba ta dawo ba sai da ta isa shiga makaranta. Har ta yi aure ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. In za a aike ta, "ke" ce. In za a ba da labarinta, "yarinyar nan" ce. Sau ɗaya dai, a gadon asibiti, tana tsakanin suma da farkawa, ta ji kamar muryar Inna dab da kunnenta tana cewa Khaulat, Khaulat. Ba ta taɓa tambaya ba. Ta sa shi cikin mafarkan da zazzaɓi ke kawowa.

Saboda haka kullum da hantsi sai a shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, a jera mata matasai, ta zauna tana kallon ɗanta a bayan wata. Daga nesa ta haddace shi. Ta san ɗan sanƙon da kwanciya ta yi masa a ƙeya. Ta san yatsu biyu yake tsotsa, ba babban yatsa ba. Ta san in barci ya kusa ɗaukarsa sai ya kama bakin ɗankwalin Rahinatu yana murzawa. In 'yan dubiya suka shigo ta yi maza ta mayar da idonta kan tabarma, su kuwa su yi ta yabo.

"Kai, Saudatu, kin iya tarbiyya. Dubi yarinya ko kallon inda yake ba ta yi."

Inna ta yi murmushi ta ce Allah ne ya shirya. Khaulat kuwa kewar ɗanta take yi yana gabanta, kewa irin wadda ke hana abinci wucewa. Aka ɗora laifin a kan rashin gishiri.

Akwai wani majanyi mai ratsin baƙi da fari da ta saya a kasuwar Juma'a tun cikinta bai tsufa ba. Ta daɗe tana zaɓe kafin ta ɗauke shi, har mai kayan ya fara ƙosawa. Yanzu da shi Rahinatu ke goyo. Duk ranar da aka wanke shi aka shanya, tattakin Khaulat sai ya bi ta wajen igiya. Ta tsaya kamar haki ne ya tsayar da ita, ta kama majanyin kamar tana neman abin dafawa, ta kai shi hancinta. Ƙamshin sabulu kawai take ji, amma gobe ma sai ta koma.

Wata rana Inna ta leƙa maƙwabta barka, Rahinatu ta kwantar da Mudassir a tabarma ta shiga wanka. Khaulat ta duba zaure, ta ji mahaifinta na hira da wani. Ta ja jiki a hankali har ta isa gare shi, ta kama ƙafarsa. Taushin ƙafar ya sa ta rufe ido. Shi kuwa ya dube ta tsaf, ya taɓe baki, ya juya kai wajen banɗaki ya tsala kuka. Rahinatu ta fito da kumfa a wuya ta sure shi, nan take ya yi shiru.

"Yaya, me ya same shi?"

"Ƙuda ne," in ji Khaulat.

Ciwon da ta ji a ranar, ko a asibiti ba ta ji irinsa ba, kuma babu wanda za ta gaya wa.

Ana cikin haka Rahinatu ta samu gurbin karatu a jami'a. Nan cikin Wudil ne, amma wuni za ta riƙa yi. Gida ya yi murna, sannan aka zauna tunanin goyo. Inna gwiwoyinta sun daɗe da fara ba ta matsala, ga girki, ga jinya. Sai yayar Lukman, Barakatu, da ke aure a Kausani, ta aiko cewa ita ta yaye autanta, bayanta a sake yake, a ba ta yaron. Maza suka tattauna a zaure, kowa ya ga hikimar abin. Inna ce ta kawo labarin gindin darbejiya, tana tsince shinkafa a faranti.

"Ke, ranar Juma'a gwaggon yaron nan za ta zo ta tafi da shi. Kin ga sai ki samu barci, babu mai tashinki da kuka. In kin warke sarai a dawo da shi. In ma sun shaƙu a bar mata, ai ɗan fari dama na dangi ne."

"To, Inna," in ji Khaulat. Abin da 'yar kirki ke cewa ke nan, kuma shi ta ce.

Lukman ya zo bayan la'asar kamar kullum, da gwanda a leda, hannunsa na warin baƙin mai duk da ya wanke. A shigifa suke zama, shi a bakin ƙofa, ita a jingine da bango. Bayan ya tambayi jiki da kumburi da magani, ya fere gwandar yana miƙa mata yanka-yanka.

"Kausani da nisa," ta ce.

"Kausanin? Nan da can? Ai kafin babur ya ɗau zafi an isa."

Ta juya yankan gwandar a hannunta. "Yaron nan ba ya son madara da zafi. Sai ta huce sosai."

"Zan gaya wa Yaya."

"Kuma in zai yi barci sai ya samu abin da zai riƙe."

"Yaya ta raini shida, Khaulat. Kada ki sa wa ranki damuwa, damuwar nan ita likita ya ce a raba ki da ita." Ya ajiye wuƙar. Muryarsa ta sauka. "Ni dai ki rayu. Na ga abin da na gani a asibitin nan, ba na son in sake gani. Ko me za a ɗauke miki, a ɗauke."

Me za ta ce wa mutumin da tsoro bai gama sakinsa ba? Hawaye ya zubo mata. Shi kuwa, da yake namiji ne, ya ɗauka nasa ne.

"Kin ƙosa ki koma ɗakinki ko? Ni ma gidan ya yi mini faɗi. Saura kaɗan."

Ta gyaɗa kai. Ba ƙarya ta yi ba, tana kewarsa shi ma, sai dai ba shi za a kai Kausani ba.

Juma'a ta zo da hayaniyarta. Tun safe tirelolin shanu ke gurnani a kan titi suna nufar kara. Da hantsi Barakatu ta yi sallama, mace mai jiki da fara'a, ta sauke ƙullin zogale da ƙwan zabi a gaban Inna. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Kausani da gona da yara, aka sake gaisawa. Lukman ya tsaya a zaure wajen surukinsa, mai adaidaita na jira a waje.

Inna ta haɗa kayan a jaka, gwangwanin madara da fida da 'yan riguna. Rahinatu ta yi wa Mudassir wanka ta shafe shi da hoda, tana yi tana sharar hawaye. Ita tana da damar kuka, ƙanwar uwa ce, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Har lallashinta Barakatu ta yi. Khaulat na gindin darbejiya, ta ba su baya kaɗan, tana jan wata kaba da ta zare daga tabarma.

Barakatu ta sunkuya, aka ɗora mata yaron, ta ja zane ta ɗaure, ta kawo majanyin mai ratsin baƙi da fari ta tamke. Ta ɗan girgiza jiki, goyon ya zauna daram.

"To, Khaulat, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, in kin gan shi nan gaba ba za ki gane shi ba."

Da alheri ta faɗa, tana dariya. Ta ɗauki jakar ta nufi zaure, Inna na biye da ita za ta taka mata. Khaulat ta ɗaga kai. Abin da take iya gani shi ne ƙeyar da ɗan sanƙon nan, da ƙafafu biyu suna lilo a kwiɓin Barakatu. Ta dafa darbejiyar ta miƙe da saurin da aka hana ta, har sai da gidan ya ɗan juya mata.

"Mudassir."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, ba ta da numfashin ɗaga murya. Amma kowa ya ji. Barakatu ta tsaya. Inna ta juyo baki a sake. Hirar da ake yi a zaure ta yanke.

Yaron bai waiwayo ba. Yatsunsa biyu na baki, yana kallon wata kaza da ke tono a gindin randa.

"Mudassir," ta sake cewa.

Ko gezau. Sai Rahinatu ta ja majina, ƙaramin sauti da bai kai a kula da shi ba. Nan da nan ya juyo da kai yana nemanta, ya gan ta, ya washe dasashi.

"Kin gani, Inna?" Khaulat tana magana tana tsayawa ta ja iska. "Bai san muryata ba. Muna gida ɗaya bai san ni ba, ina ga ya tafi? Zai dawo yana ɓuya a bayan Yaya in na miƙa masa hannu. Na yi ƙoƙari in ji kunyarsa, wallahi na yi. Na kasa. Kewarsa nake ji, kullum, tun ina asibiti. Ku yi haƙuri."

"Likita ya ce..." Inna ta fara.

"Ban ce zan ɗauke shi ba. A bar shi dai a inda zan riƙa jin ɗuminsa."

Tana gama faɗa ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa. A gaban dangin miji ta yi wannan abu, mahaifinta da mijinta na ji daga zaure. Ta san abin da za a ce a Kausani, ta san abin da 'yan dubiyar nan masu yabo za su ce in labari ya kai musu.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya tana kallon 'yar tata, ramammiya, zane na neman zamewa daga ƙugunta, hannu ɗaya a jikin bishiya. Ranar da aka tafi da wannan yarinya Dagumawa, Inna wuni ta yi tana daka geron da ba a bukata, don a ce zufa ce ke zubo mata a fuska. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma mutane sun yaba mata ita ma.

"Barakatu," ta ce, "kwanto shi."

Barakatu ta ajiye jaka ta kwance majanyin. Inna ta karɓi yaron, ta zo bayan Khaulat.

"Juya. Kada ki sunkuya da yawa."

Ta kwantar da shi a bayanta, ta ja zanen ta ɗaura sako-sako don kada ya matse mata ƙirji, ta zagayo da majanyin ta ƙulla a ƙasa. Sannan ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin yaron ta tallabe shi gaba ɗaya. Goyon a bayan Khaulat yake, nauyin a hannun Inna.

Mudassir bai yaba da wannan tsari ba ko kaɗan. Ya banƙare, ya buɗe maƙogwaro, yana miƙa hannu wajen Rahinatu. Bayan nan ba shi da tsokar da ya saba da ita, duk ƙashi ne.

"Rahinatu, shige ɗaki kada ya gan ki," in ji Inna. "Ke kuma taka. Goyo ba ya son tsayuwa."

Suka fara tafiya, Khaulat a gaba, Inna a baya a duƙe, gwiwoyinta na ƙara. Hanyar tattakinta ta kullum suka bi, daga darbejiya zuwa randa, daga randa zuwa igiyar shanya. Barakatu ta samu turmi ta kifa ta zauna tana goge ido da bakin mayafi.

"Oh ni Barakatu, na sha hanya na zo ɗaukar ɗa, ashe kallo na zo yi. To shi ke nan. Duk Juma'a in na shigo kasuwa zan biyo in yi masa wanki, kada a ce gwaggo ba ta da amfani."

Daga zaure Malam Gwadabe ya yi gyaran murya. Bai leƙo ba, don kada ya haɗa ido da 'yarsa.

"Zaure dai da faɗi. In Rahinatu ta tafi makaranta a riƙa miƙo mini shi da safe, in fara koya masa ɗinkin aska takwas. Lukman, je ka sallami mai adaidaitan nan, kada ya rasa Juma'a."

Aka ji fitar Lukman. Ya daɗe a waje fiye da yadda sallamar mai adaidaita ke bukata.

Kukan ya ɗauki lokaci. Sun kai igiya sun dawo, sun sake komawa, yana yi. Sannu a hankali ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Khaulat ta ji ɗan hannu yana lalube a wuyanta har ya samu bakin ɗankwalinta, ya kama ya fara murzawa. Can sai kuncinsa ya sauka a tsakanin kafaɗunta, da ɗumi, da danshin hawaye da yawu. Abin da ta yi watanni tana nema a jikin majanyi ke nan. Daɗi ya kama ta har ba ta san ta ƙara sauri ba, numfashinta ya fara fita da ƙarfi.

Daga bayanta, dab da kunnenta, murya ta zo ƙasa-ƙasa yadda ko Barakatu ba za ta ji ba.

"A hankali, Khaulat. Ina riƙe da shi."

Ta tsaya cak. Muryar ce, ita ce dai ta asibiti, har yadda take ɗan jan ƙarshen sunan. Ashe ba zazzaɓi ba ne.

Ba ta waiwaya ba, don kada ta ba Inna kunya. Ta bari numfashinta ya daidaita, sannan ta ɗaga ƙafa a hankali, suka nufi darbejiya su uku.